Tukunyar Kulokon Baba Samed

Abu ɗaya Baba Samed ya roƙe ni, kuma shi ɗin ne na kasa. Ya ce ranar da aikinmu ya zama takarda, in tabbatar an rubuta sunansa da na ubansa a jiki: Samed ɗan Iliasu, majemi, Bawku. Na ce masa wannan ai ƙaramin abu ne. Har dariya na yi. In na tuna dariyar nan yanzu sai in ji kamar in mari kaina.

Sunana Salimatu, 'yar Salaga ce ni, ina koyar da ilmin sinadarai a wata sakandare a Yendi. Ɗakin gwajinmu tebur huɗu ne, da famfon da ke kawo ruwa ranar da ya ga dama, da ma'auni ɗaya mai kyau wanda nake kullewa a kabad don kada 'yan aji uku su auna gyaɗa da shi. In an tashi makaranta, a nan nake zama har la'asar ta yi sanyi. Sauran malamai suna tsokanata, wai Madam Sali na dafa miyar da ba a ci da tuwo.

Miyar kuwa batir ce. Batirin da ke cikin waya da litiyam yake aiki, shi kuwa litiyam tsada gare shi, kuma ba a bayan gidan kowa ake haƙo shi ba. Yana da ɗan'uwa, fotasiyam, wanda ke ko'ina. Ruwan tokar da matan unguwarmu ke tacewa su yi sabulu, cike yake da shi. Aibinsa ɗaya, ƙato ne. A cikin batir akwai ɓangaren da ake kira anod, wato masaukin da baƙon ke shiga in an yi caji, ya fito in ana amfani da wayar. Litiyam siriri ne, ya shiga ya fita ba wanda ya ji motsinsa. Fotasiyam in ya shiga sai bango ya kumbura, in ya fita sai ya tsage, kafin a jima masaukin ya rushe. Mu 'yan Salaga jikokin fatake ne da masu saukar fatake, don haka abin ya tsaya min a rai. Masauki nake nema mai faɗin ɗakuna, wanda zai saki jiki in baƙo ya shiga, ya koma yadda yake in ya fita.

Yadda masana ke yi shi ne su ɗauki ƙarfe, ƙwaya-ƙwaya, su ɗaure shi da wani sinadari mai hannuwa da yawa, wannan ya riƙe wancan, wancan ya riƙe na gaba, har abin ya zama saƙa mai ƙofofi. Kodineshan folima suke ce mata. Su da sinadarai masu tsada suke saƙarsu. Ni da bagaruwa na fara, don abin da ke cikin bagaruwa yana kama ƙarfe ya yi baƙi, wannan ko kakata ta sani. Shekara guda cur ina haɗawa ina zubarwa. Abin da ke fitowa dunƙulallen baƙi ne, da ya bushe sai ya farfashe, ba ƙofa ba taga.

Ana nan sai Shahida, malamar lissafi kuma ƙawata, ta yi aure a garinsu Bawku, muka tafi biki. A kasuwa na sayi wata 'yar jakar fata baƙa. A mota da muke dawowa, don ba abin yi, na yi ta lanƙwasa bakin jakar ina miƙewa, tun daga Garu har Gushegu. Baƙin bai tsage ba. Ko alamar layi bai yi ba. Na zauna na ƙura wa jakar ido har matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko an sace min wani abu ne.

Asabar ɗin da ta biyo baya na koma Bawku. Mai jaka ya tura ni wurin baduku, baduku ya tura ni wurin wanda ke ba shi fata, ta haka na isa bayan wani gida inda wari ya riga sallama fitowa. Wani tsoho siriri na tsugune a gindin darbejiya, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Kusa da shi wata tukunya ce da aka binne rabinta a ƙasa, an rufe ta da faifai an ɗora dutse. A cikinta kulokonsa yake, wato rinin baƙin da majema ke yi da kashin maƙera.

Hausar Bawku ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai malamin sukul ne, ko? To ka je ka tambayi littafi."

Na koma Yendi da kunyata. Bayan mako biyu na dawo da goro mai kyau daga gida, ya karɓa ya yi godiya, tukunya dai na rufe. Zuwa na uku ya miƙo min fatar akuya ya ce in taya shi murzawa a ruwan bagaruwa. Na tuɓe agogo na zuba hannu. Mako biyu ina rubutu a allo da hannun da ya fi allon baƙi, yara na ƙunshe dariya. A zuwa na huɗu ne ya kalli hannuwana, ya ga ban sa safa ba, ya miƙe ya ɗauke dutsen.

"Tukunyan nan," in ji shi, "ko yarana ban buɗe musu ba. Ba rowa na yi ba, ba su tambaya ba ne. Duk sun hau motokin, babur mai ƙafa uku ɗin nan, suna jigila. Karimatu kaɗai ya rage, shi kuma mace ne, gobe ya tafi gidan miji."

Karimatu ita ce autarsa, tana sayar da koko a ƙofar gida. Daga ranar, duk zuwan da na yi, da ta hango ni za ta kwaɗa kira, "Baba, Malama ya zo!" shi kuma kafin in ƙarasa ya riga ya ɗauke dutsen. A buɗe nake samun tukunyar nan koyaushe, in leƙa, in ɗiba, in shinshina, ba mai ce min kanzil.

Ba zan rubuta yadda yake haɗa kulokonsa a nan ba. Na faɗa sau ɗaya, ya ishe ni. Abin da zan ce kawai, ni juyewa nake yi gaba ɗaya kamar mai sauri ta kama mota, shi kuwa kwana uku yake yi yana ɗigawa, da ruwan wata toka da yake ƙona wa kansa. Da harshe yake gane in haɗin ya kai. Ni na zo da 'yar takardar nan mai canza launi da muke auna tsami da ita. Duk ranar da harshensa ya ce ya kai, takardata sai ta nuna launi ɗaya tak, ba ta taɓa saɓawa ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe takardan ma yana da hankali."

Da na bi hanyarsa a ɗakin gwaji, gari ya fito baƙi, laushi kamar kwalli. Na san na samu wani abu. A ranar da na kai masa ya gani ne na ce ina so in rubuta abin duniya ta karanta, in ya yarda. Ya murza garin tsakanin yatsu. Sannan ya roƙi abin nan guda ɗaya. Ya ce ubansa ne ya gano sirrin tokar, kuma yau fatar roba ta cika kasuwa, in shi ya mutu ba mai sake kiran sunan Iliasu majemi. "Ka sa mu a takarda," in ji shi. "Takarda ba ya mutuwa."

To amma gari a kwalba ba batir ba ne. Sai an gwada shi da fotasiyam tsantsa, shi kuwa in ya sha iska ko ruwa wuta yake kamawa. Akwai wani akwatin gilashi da ake aikin a ciki, ba iska, ana zura hannu ta safar roba. A Yendi ko hotonsa ba mu da shi. Nan ne Nazif ya shigo.

Gidansu Nazif da namu katanga ɗaya ce ta raba a Salaga. Ya girme ni da shekara uku, Yaya nake ce masa. Shi ya koya min hawan keke, shi ya fara nuna min yadda ake sa ƙusa a ruwan lemun tsami. A lokacin yana karatun digirin dakta a wata jami'a a ƙasar waje, a ɗakin gwajin batira, da akwatin gilashin a gabansa kullum. Da na kira shi na yi masa bayani, ihu ya yi a waya. "Sali, siriyos? Bagaruwa? Turo, turo maza!"

Shahida ce ta ja ni gefe. Ta ce kafin in tura ko cokali ɗaya, a rubuta yarjejeniya: waye ya yi me, sunan wa zai zo farko, ina za a sa sunan tsohon. Ta zauna ta buga min ita da kanta, shafi ɗaya. Na tafi da ita Salaga hutun ƙarshen mako, da niyyar in ɗauki hotonta in tura wa Nazif ya sa hannu. Na ajiye ta a kan tabarma na shiga wanka. Da na fito, tana hannun mahaifina.

Alhaji Issah, mahaifina, doya yake fatauci, amma a ransa har gobe shi bafataken goro ne. Ya sa tabarau ya bi takardar layi-layi, ya ɗago.

"Salimatu, wannan ta wa ce?"

"Ta Yaya Nazif ce, Baba. Haka ake yi a aikin."

"Haka ake yi." Ya cire tabarau. "Kakan ubansa ya ɗauki huhun goron gidan nan daga Salaga har Kano, wata uku a hanya, ƙwaya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Takarda aka rubuta? Ubansa Faruq, shekara talatin muna loda mota ɗaya. Takarda? Yau 'yata ce za ta miƙa wa ɗan Faruq alƙalami ta ce sa hannu, kamar wanda aka kama da akuya? In Faruq ya ji, da wane ido zan dube shi a masallaci?"

A gidajenmu, neman sa hannun na gida zagi ne, daidai yake da ka ce masa ɓarawo tun bai ɗauki komai ba. Na sani, da shi aka raine ni. Kuma gaskiya ni ma a raina kunyar takardar nake ji. Na karɓe ta na yayyaga a gabansa, ya sa min albarka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, ba wanda ya riƙe min hannu.

Abu ɗaya na yi, shi ma don wasa. Gidanmu na da shaida tun zamanin goro, zane uku da ɗigo a ƙasa. Da ita kakanni ke gane huhunsu a zango, da ita Baba ke shafa wa doyarsa shuɗin fenti kafin a loda ta zuwa Kumasi. Kowace kwalbar da na tura wa Nazif sai na zana mata shaidar nan a murfi. Kwalba goma sha ɗaya na tura cikin shekara ɗaya da rabi.

Nazif ba ya son rubutu, kira yake yi. Ya ce saƙo ba ya ɗaukar daɗin labari. Labarin kuwa daɗi gare shi. Ya haɗa ƙananan batira kamar maɓallin riga, ya yi ta yi musu caji yana saukewa. Ɗari, suna nan. Ɗari uku, suna nan. Ranar da suka haye ɗari biyar ya kira ni ina tsakiyar darasi, na fita baranda na yi tsalle, hedimasta na kallona ta taga. Bayan nan ya ce za a fara rubuta takarda, yana buƙatar hanyar haɗin dalla-dalla. Na zauna a kan tebur na karanta masa daga littafina, tun daga kashin maƙera har tokar, yana cewa in dakata ya rubuta. Na maimaita masa sunan tsohon sau biyu, har na ƙirga masa haruffan.

"Samed ɗan Iliasu," ya ce. "Na rubuta. Haba Sali, kamar ba ki san ni ba."

Daga nan kira ya fara ja baya. In na tambaya sai ya ce mujalla na dubawa, abin na ɗaukar lokaci. Ni kuma duk zuwan da na yi Bawku sai in ce wa Baba Samed saura kaɗan.

Wata Alhamis da hantsi ina ɗakin malamai ina duba jarrabawa, Shahida ta shigo ta ajiye wayarta a kan takarduna. Mijinta yana cikin wani zauren hira na waya na 'yan arewa masu karatu a waje, a can aka sa. Hoton Nazif ne da kwat, an rubuta ana taya Dakta murna, ɗan Salaga da ya gano sabon anod daga bagaruwa. A ƙasa ga takardar. Na buɗe. Sunaye shida ne a sama, nasa ne farko, na farfesansa ne ƙarshe, huɗun tsakiya ko a mafarki ban taɓa jin su ba. Na sauka ƙasa inda ake godiya, an gode wa jami'a, an gode wa wanda ya gyara musu na'ura. A wurin bayanin kayan aiki an ce an sayi bagaruwa a wata kasuwa a arewacin Gana. Hanyar haɗin kuwa tana nan kaf, kwana ukun, ɗigawar, tokar, yadda na karanta masa. A shafi na uku ga hoton kwalba da baƙin gari, a murfinta zane uku da ɗigo.

Ban yi kuka ba a lokacin. Na fita bayan ɗakin gwaji na kira shi, sai a kira na biyar ya ɗauka.

"Sali, ki tsaya ki ji. Ba yadda kike zato ba ne."

"To yaya ne, Yaya?"

"Farfesa ne. Ya ce mujalla irin wannan ba ta karɓar sunan malamar sakandare, ba ki da jami'a a bayanki. Na yi faɗa, wallahi na yi. Kuma ki duba, gwajin duk a nan aka yi, na'urorin..."

"Tsohon fa?"

"Wane tsoho?"

Wannan tambayar ce ta fi ci min rai, fiye da sunaye shidan. Da ya ce ya ji tsoron farfesa, da ya ce son zuciya ne, da na san da mutum nake magana. Amma ya manta. Na ce masa Samed ɗan Iliasu, wanda na ƙirga maka haruffan sunansa.

"O, mai fatar. Sali, ba a sa irin waɗannan a pepa. Sori, wallahi sori. Akwai ta biyu tana zuwa, a can zan san yadda zan yi da ke."

Na kashe wayar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, yau na ga ma'anarta da idona. Mutumin da na kira Yaya tun ban iya ɗaura ɗankwali ba, shi ya yanke ni ta baya, kuma da wuƙar da na miƙa masa da hannuna.

Ranar Asabar na buga takardar na hau motar Salaga. Na ce a raina Baba ne ya hana ni rubuta yarjejeniya, to shi zai je ya tsaya min a gidan Alhaji Faruq, a sa Nazif ya rubuta wa mujalla a gyara. Na same shi a zaure, gefensa ƙwarya da ragowar farin goro.

"Kin zo a daidai," ya ce. "Jiya bayan Juma'a Faruq ya zo da kansa, da goro. Ya ce kun samu ɗan saɓani ke da Nazif a kan aikinku, yaron ya kira shi yana ta damuwa. Ya ba da haƙuri. Na ce ai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa."

"Ka karɓa, Baba?"

"Na karɓa, na fasa, an raba a masallaci."

A wurinmu in aka kawo goron ban haƙuri aka fasa shi, magana ta mutu, wanda ya tone ta shi ne mai laifi. Nazif ya san haka sarai. Kafin in samo kuɗin mota ya riga ya rufe ƙofar daga inda yake zaune.

Na buɗe shafi na uku na takardar na miƙa wa Baba. Ya sa tabarau. Turancin bai dame shi ba, hoton ya tsaya a kai. Na ga yatsansa ya bi zanen nan ɗaya, biyu, uku, ya tsaya a kan ɗigon.

"Wannan ai kayan gidan nan ne."

"Su ne, Baba."

"Ina sunanki?"

"Babu."

Ya juya shafin farko ya duba da kansa, ya sake komawa kan hoton. Can ya kalli ƙwaryar, ya ture ta da ƙafa zuwa bango.

"Ba haka Faruq ya faɗa min ba," ya ce a hankali. "Amma na riga na fasa goron, Salimatu. Mutane sun ci."

Na so ya ce a kira Faruq yanzu-yanzu. Na so ya ce goron banza. Bai ce ba. Ya ce in yi haƙuri, Allah na gani, kada in zama sanadin rushe zumuncin da ya haura shekara ɗari. Na tashi na bar masa zauren, ko abincin da Inna ta zuba min ban taɓa ba.

Na dai rubuta wa mujallar, ba da sanin Baba ba. Bayan mako uku suka amsa cikin ladabi. Sun tambayi marubutan, marubutan sun ce a ɗakin gwajinsu aka ƙirƙiro hanyar. Ko ina da wata yarjejeniya, ko wasiƙa, ko wani abu a rubuce tsakanina da su? Na tura hoton littafina da na murfin kwalba. Suka ce littafi rubutun hannuna ne ni kaɗai, zane a murfi kuma ba su san abin da yake nufi ba. Shahida ba ta taɓa ce min "ai na faɗa miki" ba, kuma da ta faɗa da ya fi min sauƙi.

Duk wannan lokaci ƙafata ba ta taka Bawku ba. Sai Karimatu ta kira. "Malama, lafiya? Baba ya ce a tambaye ka, takarda ya fito? Wani ya ce ya ji labarin bagaruwa a rediyo."

Na ce ta fito. Na ce ina zuwa ranar Asabar.

Tun daga Yendi har Gushegu, daga Gushegu har Garu, ƙarya nake shiryawa. Baba Samed ba ya karanta boko. Zan iya ɗora yatsa a kan kowane layi in ce ga shi nan, ya shafa, ya yi murna, ya mutu da murnarsa. Wa zai sani? Na yi ta juya abin har na kusa yarda cewa tausayi ne.

"Baba, Malama ya zo!"

Na zagaya bayan gida na tsaya cak. An share gindin darbejiya, an shimfiɗa tabarma. Baba Samed na zaune cikin farar riga da hula, irin shigar Idi, ga wasu dattawa biyu maƙwabtansa a kan benci. Ya wanke hannuwansa har sun yi fari-fari a gefe, amma baƙin shekara hamsin ba ya jin sabulu. Tukunya na gefe a buɗe, dutsen na ƙasa, kamar kullum.

Muka gaisa, Karimatu ta kawo ruwa. Na ciro takardar, shafi tara, na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu ta gefe-gefe don kada ya ɓata ta.

"To, nuna min," ya ce. "Ina Iliasu?"

Na matsa kusa. Na ɗora yatsana a kan layin sunayen. Ya sunkuyo, dattawan nan ma suka miƙo wuya. Sai na tuna Nazif yana cewa kamar ba ki san ni ba, da muryarsa mai daɗi, na ji in na buɗe baki da ƙaryar nan muryata za ta zama irin tasa. Na janye yatsan.

"Baba, babu."

Bai gane ba da farko. Ya ce in karanta masa sunayen da ke wurin. Na karanta shida. Ya ce in sake, a hankali. Na sake.

"Naka ma babu?"

"Babu."

"To tukunya fa? Yana ciki?"

"Tana ciki, Baba."

"Har toka?"

"Har toka."

Ɗaya daga cikin dattawan ya tuna yana da aike a kasuwa, ɗayan ya bi shi. Na zauna na faɗa masa komai, akwatin gilashi, takardar da na yaga, goron da aka fasa. A nan ne kukan da na riƙe wata biyu ya ƙwace min. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

"Wannan Nazif," ya ce, "kai ka san shi?"

"Tare muka tashi."

"Ni ban san shi ba." Ya daidaita shafukan a kan gwiwarsa ya miƙo min. "Kai na sani."

Bai ɗaga murya ba, bai yi Allah ya isa ba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Ya ce Karimatu ta kawo wa baƙo abinci, an yi tafiya mai nisa. Ya tambayi lafiyar Alhaji, ya tambayi 'yan makaranta. Na tura tuwo loma biyu don kada in ƙara laifi. Na ce masa ban haƙura ba, zan sake sabon aiki, zan nemi wata jami'a a nan gida, wannan karon da takarda da sa hannu, sunansa ne zai zo farko. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ba da sa'a.

Da na wanke hannu na miƙe, ƙafata ta nufi gindin darbejiya da kanta, yadda ta saba shekara uku, in leƙa in ga yadda haɗin wannan makon ya yi. Saura taku biyu in isa, Baba Samed ya riga ni. Da farar rigarsa ta Idi ya durƙusa a ƙasa, ya ɗauki faifan ya rufe bakin tukunyar, ya ɗora dutsen, ya danna shi da tafin hannu.

"Karimatu," ya ce, bai dube ni ba. "Raka Malama tasha, kada mota ya tafi ya bar shi."